BABI NA HUƊU: HORAR DA MURYA DA NUMFASHI DA TSAYUWAR ƊALIBI ƊAN WASAN KWAIKWAYO A ƘASAR YAWURI

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan zaɓen wasa da yadda ake raba wa ɗalibai matsayin da kowa zai fito a ciki. A wannan babi kuwa za a duba abubuwa uku da ɗan wasa ba ya rabuwa da su idan ya shiga dandali, wato murya da numfashi da tsayuwa. Sau da yawa akan ga ɗalibai sun haddace wasa sarai, an tanadi tufafi, an gayyato iyaye da masu unguwanni, amma da zarar an fara sai waɗanda ke zaune a baya su shiga surutu domin ba su jin abin da ake faɗa. Maganin da aka saba ba ɗalibi shi ne a ce masa ya ɗaga murya. Shi kuwa sai ya ɗauka ihu ake so ya yi, kafin a kai fitowa ta uku muryarsa ta dushe.

Manufar wannan babi ita ce a nuna cewa ihu yana ɓata wasan Hausa ta fuska biyu. Yana yi wa maƙogwaron ɗalibi illa, sannan yana rushe karin sauti da tsawon wasali, waɗanda ma'anar kalmomin Hausa ta dogara a kansu. Haka kuma za a nuna cewa ƙarfin murya daga numfashi da tsayuwa yake fitowa, kuma mutanen da ɗalibi zai yi koyi da su suna nan kusa da shi, a bakin ruwa da makarantun Alƙur'ani da fagen kokawa.

4.1 Yanayin Wurin da Ɗalibi Yake Wasa

Masarautar Yawuri tana kudancin Jihar Kabi, wadda aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Sakkwato a shekarar 1991. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi uku: Yawuri mai hedikwata a Yalwa, da Ngaski mai hedikwata a Wara, da kuma Shanga. Kogin Kwara ya ratsa ƙasar. Bayan an kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon da ya haura kilomita 130, ya cinye gungu da ƙauyuka masu yawa, har aka sake wa mutane sama da 40,000 matsuguni. Mazauna ƙasar sun haɗa da Gungawa da Kambari da Dukkawa da Shangawa da Lopawa da Sarkawa da Fulani da Hausawa, kuma Hausa ita ce harshen da ya haɗa su a kasuwa da makaranta. Farfesa Mahdi Adamu, wanda ɗan ƙasar Ngaski ne, ya yi cikakken bayani a littafinsa The Hausa Factor in West African History na 1978 a kan yadda harshen Hausa ya bazu cikin al'ummomin da asalinsu ba Hausawa ba ne. Ma'anar wannan ga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makaranta ita ce, a cikin 'yan wasa da 'yan kallo akwai waɗanda Hausa harshe na biyu ce a gare su.

Akwai abubuwa uku a wannan yanayi da suka shafi murya kai tsaye. Na farko, yawancin wasannin makarantu a fili ake yin su, ko a ɗakin cin abinci mai rufin kwano. A cikin ɗaki bango yana mayar wa mai sauraro da sauti. A fili kuwa babu abin da zai mayar da shi, saboda haka duk lokacin da nisa ya ninka sau biyu, ƙarfin sauti yana raguwa da desibel 6. Ke nan wanda ke zaune a nisan mita 16 yana samun sautin da ya gaza na wanda ke nisan mita 2 da desibel 18. Na biyu, lasifika ba abin dogara ba ce, domin tana bukatar wuta ko janareta, shi kuma janareta yana zuwa da tasa ƙarar, ga shi makirfo ɗaya ba ya isar mutum biyar da ke gardama a dandali. Na uku, ɗaliban yanzu daga finafinan Hausa suka fi koyon wasa, wato sana'ar da ta faro a Kano da fim ɗin Turmin Danya a 1990. Ɗan fim yana magana ne kusa da na'urar ɗaukar murya, kyamara kuma tana kawo fuskarsa kusa, don haka ko raɗa ya yi za a ji. Ɗalibin da ya kwaikwayi wannan salo a filin makaranta, mutanen layin gaba kaɗai yake yi wa wasa.

Wasa a fili ba naƙasu ba ne. 'Yan tashe da 'yan kama a fili suka saba nasu. Haka nan malamai da ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, sun fita da Wasan Manoma zuwa Soba a 1977, inda aka yi shi a gaban manoma. Irin wannan wasa na wayar da kai yana da muhimmanci ga mutanen bakin tafki. Batutuwa kamar ciwon tsargiya, ko yi wa jirgin ruwa lodi fiye da kima da rashin sa rigar kariya, batutuwa ne na rai da mutuwa, kamar yadda haɗarin jirgin da ya auku kusa da Wara a watan Mayu na 2021 ya nuna, inda mutane masu yawa suka rasu. Idan ɗalibai suka shirya wasa a kan irin wannan batu amma ba a ji su ba, saƙon ya faɗi ƙasa banza.

4.2 Yadda Murya Take Samuwa

Masana tsarin sautin Hausa, irin su M. A. Z. Sani a littafinsa Tsarin Sauti da Nahawun Hausa na 1999, sun yi bayanin gaɓoɓin furuci da zirin iska. A taƙaice, murya tana samuwa ne a matakai uku. Huhu yana turo iska. Iskar tana bi ta tsakanin tantanin maƙwallato guda biyu ta sa su karkarwa, wato ziza. Daga nan sai maƙogwaro da baki da hanci su ƙara wa sautin amo, harshe da leɓɓa da hanƙa da ganɗa da hanɗa kuma su sarrafa shi ya zama baƙaƙe da wasula.

Tantanin maƙwallato ƙananan abubuwa ne ƙwarai. A jikin namiji baligi tsawonsu bai cika wuce milimita 25 ba, na mace kuma ya fi haka gajarta. A maganar yau da kullum na namiji suna karkarwa kimanin sau 100 zuwa 120 a daƙiƙa ɗaya, na mace kuma kimanin sau 200. Wanda yake ihu yana matse tsokokin wuya ne ya tilasta wa waɗannan 'yan tantani su riƙa bugun juna da ƙarfi. Abin da ke biyo baya shi ne kumburi, wanda shi ne dushewar murya. Idan aka ci gaba da haka, wani ɗan kanta yakan fito a gefensu, kamar yadda kanta ke fita a hannun manomi. Ya kamata a lura cewa ɗaliban sakandare maza da yawa suna cikin shekarun da murya ke buɗewa, wajen shekara 12 zuwa 15, lokacin da maƙwallato ke girma, muryar kuma ba ta gama zama ba. Tilasta wa irin wannan yaro ya yi muryar sarki ko ta boka da ƙarfin tsiya yana iya jawo masa matsala.

4.3 Numfashi

Baligi da ke zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, kowane sheƙe kuma bai wuce rabin lita na iska ba, alhali huhun namiji baligi yana iya ɗaukar kimanin lita 6. A lokacin magana tsarin yana sauyawa: ana shaƙar iska da sauri, a riƙa sakinta a hankali, har fitarwar ta cinye kusan kashi 90 cikin ɗari na lokacin. Aikin ɗan wasa shi ne ya mallaki wannan fitarwa.

Babbar tsokar numfashi ita ce wani faffaɗan tantani mai siffar ƙwarya a kife, wanda ya raba ƙirji da ciki. A wannan babi za a riƙa kiransa shamakin ƙirji. Idan ya sauka ƙasa, ciki da ƙananan haƙarƙari suna buɗewa, iska ta cika huhu. Ɗalibin da tsoron jama'a ya kama shi yakan ƙanƙance ciki ya ɗaga kafaɗu, ya shaƙi iska kaɗan a saman ƙirji. Iskar takan ƙare kafin jimla ta ƙare, sai ya matse wuya domin ya ƙarasa. Wannan shi ya sa ake jin farkon maganar ɗalibai amma ƙarshenta ya ɓace. A Hausa kuwa ƙarshen jimla yana ɗauke da nauyi, domin a nan "ba" ta biyu ta korewa take zuwa, haka ma "ne" da "ce", da alamar tambaya.

4.3.1 Abin Koyi Daga Masunta da Makaranta Alƙur'ani

Duk wanda ya tashi a bakin tafki ya san yadda masunci ke kiran abokinsa daga wannan jirgi zuwa wancan. Yakan fuskanci wanda yake kira, ya cika ciki da iska tukuna, ya buɗe baki sosai, ya zaɓi gajeruwar magana, sannan ya ja wasalin ƙarshe. Abin da ɗalibi zai ɗauka a nan shi ne shirya iska kafin magana da buɗe maƙogwaro. Sai dai akwai abin lura. Da sassafe da almuru iskar da ke kan ruwa ta fi ta sama sanyi, wannan kuwa yana lanƙwaso sauti ƙasa ya sa ya yi nisa. Don haka muryar da ta ƙetare ruwa da asuba ba lalle ne ta ƙetare filin makaranta da la'asar ba. Bakin ruwa wurin motsa numfashi ne, amma gwajin murya a ainihin dandali ake yinsa. An ruwaito cewa Dimostinis, shahararren mai jawabin nan na tsohuwar ƙasar Girka, a bakin teku ya riƙa horar da muryarsa cikin ƙarar igiyar ruwa.

Abin koyi na biyu shi ne mai karatun Alƙur'ani da tajwidi. Shi ya san inda zai yi waƙafi tun kafin ya fara aya, yana auna madda da adadin wasula biyu ko huɗu ko shida, kuma ba ya yanke kalma a tsakiya domin shan iska. Tun da Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta jami'ar da ke Sakkwato ta fara shirya musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasa a 1986, wannan ilimi ya yaɗu a makarantun Islamiyya. Ɗalibin da ya san waƙafi ya riga ya san ƙa'idar da ɗan wasa ke bukata, wato ma'ana ita ke nuna wurin numfashi. Saboda haka yana da kyau kowane ɗan wasa ya bi rubutun wasansa da fensir ya sa alama a duk wurin da zai shaƙi iska, ya haddace alamomin tare da kalmomin.

4.3.2 Atisayen Numfashi

(i) Ɗalibi ya kwanta rigingine a kan tabarma, ya ɗora littafi a kan cibiya. Idan ya shaƙi iska littafin ya tashi, idan ya saki ya sauka, kafaɗu kuma ba su motsa ba.

(ii) Ya miƙe tsaye ya dafa ƙananan haƙarƙarinsa ta gefe da hannu biyu, ya ji suna ture hannuwan idan iska ta shiga.

(iii) Ya saki iska da sautin "sss" ba tare da rawa ba, wani yana ƙirga daƙiƙoƙi. A fara da 10, a riƙa ƙarawa a hankali cikin makonni har zuwa 20 ko 25.

(iv) Ya yi ƙirga da murya daga ɗaya zuwa biyar a sheƙe ɗaya, sannan zuwa goma, ya tabbatar lambar ƙarshe ta fita da ƙarfin da ta farko ta fita.

(v) Ya sa bututun biro ko tsinken shan lemo a cikin kofi mai ɗan ruwa, ya riƙa hurawa yana fitar da sautin "uuu". Masu gyaran murya a asibitoci suna amfani da wannan hanya domin tana rage wa tantanin maƙwallato bugun juna.

Idan jiri ya kama ɗalibi, alama ce ta yana zuƙar iska fiye da bukata, sai ya huta.

4.4 Tsayuwa

Dangantakar tsayuwa da murya ta fito fili a tarihin F. M. Alexander (1869 zuwa 1955), wani ɗan wasa daga ƙasar Ostireliya wanda muryarsa ta riƙa dushewa duk lokacin da yake karanta wasannin Shekisfiya a gaban jama'a. Da ya tsaya yana kallon kansa a madubi, sai ya gano cewa da zarar zai fara magana yakan janye kansa baya da ƙasa, ya danne maƙwallato. Da ya daina haka muryarsa ta dawo. Shi ma Stanislavski na ƙasar Rasha, a littafinsa An Actor Prepares na 1936, ya ware babi guda a kan sassauta tsokoki. Dalili a nan a sarari yake. Kan baligi yana da nauyin kimanin kilo 5. Idan ya zauna daidai a bisa ƙashin baya, wuya yana hutawa. Idan aka tura shi gaba ko aka ɗage haɓa, tsokokin wuya su ke ɗaukar nauyin, kuma su ne ke kewaye da maƙwallato.

A ƙasar Yawuri ba sai an nemi madubi ba kafin a ga tsayuwa mai kyau. Yarinyar da ta ɗauko tulu daga bakin ruwa a kan gammo, ko mai tallar da ta aza faranti a ka, bayanta a miƙe yake, wuyanta dogo, kafaɗunta a sake, idonta yana duban gaba. Masunci mai jefa birgi daga cikin kwalekwale yakan ware ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ya ɗan sassauta gwiwa, nauyinsa ya sauka ƙasa. Haka ɗan kokawa yake kafa ƙafa, kokawa kuwa wasa ce da Gungawa suka shahara da ita. Idan aka haɗa saman jikin mai tulu da ƙasan jikin mai birgi, an sami tsayuwar ɗan wasa. Atisayen da ya dace shi ne ɗalibi ya ɗora littafi ko ƙwarya a ka, ya yi tafiya yana faɗin maganganunsa, sannan ya sauke ya ci gaba a yadda yake.

4.4.1 Matsalar Ladabi da Sutura

Akwai wata matsala da littattafan Turawa ba su taɓo ba. Tarbiyyar Bahaushe ta koya wa yaro ya sunkuyar da kai ya sassauta murya a gaban manya, ita kuma yarinya takan rufe baki da gefen mayafi saboda kunya. Wannan hali ne abin yabo a gida, amma ɗalibi yakan shigo da shi dandali, musamman idan ya hango shugaban makaranta ko mahaifinsa a layin gaba. Bugu da ƙari, rubutattun wasannin Hausa cike suke da fitowar da ke bukatar durƙuso. A Uwar Gulma na Mohammed Sada (1968), alal misali, akwai zama a gaban iyaye da gurfana a gaban alƙali. Idan ɗalibi ya durƙusa ya kifa haɓa a ƙirji, ciki ya matse, muryar kuma ƙasa za ta nufa.

Mafita ita ce a nuna ladabi da ido da hannu da gwiwa, a bar wuya da ciki a sake. Ɗan wasa ya durƙusa bayansa a miƙe, ya rusuna daga ƙugu, ya saukar da ido ba tare da ya kifa haɓa ba, kuma ya ɗan karkato ta yadda rabin fuskarsa zai fuskanci 'yan kallo. Wanda ya fito a sarki ko hakimi a sassauta masa amawali ya sauka ƙasan leɓe idan zai yi magana. Wanda ya fito a tsoho ya nuna tsufa da gwiwa da sanda da gajeren taku, kada ya naɗe ƙirji. Wanda kuma ya fito a soja, irin matsayin Samanja da marigayi Usman Baba Pategi ya yi suna da shi, ya ƙame ƙafafu da hannuwa amma ya bar wuyansa da muƙamuƙinsa a sake.

4.5 Furuci

4.5.1 Karin Sauti da Tsawon Wasali

Hausa tana da karin sauti iri uku, wato na sama da na ƙasa da faɗau, wasulanta kuma akwai dogaye da gajeru. Rubutun yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya daga ciki, don haka bakin ɗan wasa ne kaɗai zai fitar da su. Kalmar "kuka" idan duka gaɓoɓinta suna sama, zubar da hawaye ake nufi, idan ta biyu ta sauka kuwa itaciya ce. "Wuya" mai karin sama da ƙasa gaɓar jiki ce, mai karin ƙasa da sama kuma wahala ce. "Gari" mai gajeren wasalin farko wurin zama ne, mai dogo kuwa na tuwo ne. Abin ya fi tsanani a nahawu. Jimlar "ya tafi" idan aka ja "ya" da karin sama, labari ne cewa mutum ya riga ya wuce. Idan aka gajarta ta da karin ƙasa, umurni ne a ce masa ya bar wurin. A fitowar da alƙali ke yanke hukunci, wannan ɗan bambanci shi ne dukan ma'anar maganar.

Mai ihu yana tura muryarsa can ƙololuwa, inda babu sauran wurin hawa, sai tazarar da ke tsakanin karin sama da na ƙasa ta ƙuntata. Haka kuma yakan ja kowane wasali, dogo da gajere su zama ɗaya. Daɗin daɗawa, ihu wasula yake ƙara wa ƙarfi fiye da baƙaƙe, alhali baƙaƙe ne ke rarrabe kalmomi, kuma su ne ke fara ɓacewa idan nisa ya yi yawa. Wannan shi ne dalilin da ya sa 'yan kallo kan ce suna jin ƙara amma ba su jin magana. Abin da ya kamata shi ne ɗalibi ya tsaya a tsakiyar muryarsa, ya ƙara iska daga ciki, ya rage sauri, ya buɗe baki. Sanƙiran da ke isar da kirari a bakin fada abin lura ne a nan, domin yana yanka maganarsa guntu-guntu, kowace gaɓa ta fita daram.

4.5.2 Baƙaƙe Masu Ƙugiya

Baƙaƙen ɓ da ɗ haɗiyau ne, ƙ da ts kuma tunkuɗau, dukansu da motsin maƙwallato ake furta su. Waɗanda suka koyi Hausa a matsayin harshe na biyu sukan mayar da ƙ ta zama k, ts kuma ta zama s. A hira ta kusa mai sauraro yana cike giɓin da kansa, amma daga nesa "baƙi" ta koma "baki", "ƙafa" ta koma "kafa", "tsaya" ta koma "saya". Gyaran wannan yana bukatar hikima, domin yi wa ɗalibi dariya saboda harshen gidansu yana sa ya bar ƙungiya, ko ya riƙa haɗiye magana. Hanyar da ta fi ita ce dukan 'yan ƙungiya su riƙa maimaita jimloli tare, kamar "Ƙanen Kaka ya ƙi kai kifi kasuwa" da "Tsoho ya tsaya ya sayi tsamiya", a hankali da farko, sannan da sauri. Ɗaliban da suka yi tajwidi sun san cewa kowane harafi yana da mafitarsa, saboda haka ana iya sa su jagoranci wannan atisaye.

4.6 Kula da Lafiyar Murya

Tantanin maƙwallato suna bukatar laima. Ƙurar hunturu daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, da zafin bazara, da hayaƙin bandar kifi da ɗaliban gidajen masunta ke shaƙa, duk suna busar da su. Maganin farko shi ne yawan shan ruwa tun sa'o'i kafin wasa. Idan gwaji ya faɗo cikin watan azumi, ya fi dacewa a bar aikin murya sai bayan shan ruwa, kamar yadda 'yan tashe ma da dare suke fita.

Akwai wasu al'adu da ya kamata a yi wa gyara. Zuma da citta da kanumfari da lemun tsami suna sanyaya maƙogwaro, amma abin da aka haɗiye ba ya taɓa tantanin maƙwallato, domin hanyar abinci daban take da hanyar iska. Sirace da ruwan zafi zalla shi ne ke isa wurin. Alewa mai yaji tana ɓoye zafi ne kawai, sai ɗalibi ya ci gaba da wahalar da muryar da ke neman hutu. Yawan gyaran murya da kaki yana ƙara bugun tantanin, haka ma raɗa da ƙarfi. Cire beli a wurin wanzami ba ya maganin dushewar murya, domin beli a can sama yake, nesa da inda matsalar take, ga kuma haɗarin zubar jini. Muryar da ta dushe hutu take so. Idan dushewar ta wuce mako biyu zuwa uku, sai a kai ɗalibi asibiti.

4.7 Tsarin Atisaye da Shirya Dandali

Cicely Berry, wadda ta daɗe tana horar da 'yan wasa a Ingila, ta nuna a littafinta Voice and the Actor na 1973 cewa murya aba ce da ake ginawa da atisaye na kullum. Bisa ga bayanan da suka gabata, ana iya ware minti 20 a farkon kowane gwaji kamar haka: minti 5 na miƙa da sassauta wuya da kafaɗu da muƙamuƙi, minti 5 na numfashi, minti 5 na gunji da baki a rufe har a ji leɓɓa suna kaɗawa sannan a buɗe zuwa "ma, me, mi, mo, mu", sai minti 5 na furuci. Bayan haka a yi gwajin nisa. Ɗalibai biyu su fuskanci juna a tazarar taku biyar suna musayar magana, su riƙa ja da baya har taku ashirin. Mai sauraro ya maimaita abin da ya ji kalma da kalma. Inda ya kasa, mai magana ya ƙara iska da buɗe baki, kada ya ƙara hawan murya.

Shi ma malamin da ke ba da umurni yana da nasa aikin. Ya kamata ya riƙa zama a layin ƙarshe lokacin gwaji, domin daga can ne ake sanin gaskiyar murya. Ya sa bangon aji a bayan 'yan wasa domin ya turo sauti gaba, ya zaunar da 'yan kallo a rabin da'ira ta ɓangaren da iska ke nufa, kuma idan da janareta a kai shi bayan gini.

4.8 Naɗewa

A wannan babi an yi bayanin yadda murya take samuwa, da yadda numfashi da tsayuwa suke tallafa mata. An nuna cewa ɗalibin ƙasar Yawuri yana wasa ne a fili, sau da yawa ba lasifika, a gaban jama'a masu harsuna daban-daban, kuma cikin harshen da karin sauti da tsawon wasali ke rarrabe ma'anarsa. A irin wannan hali ihu yana jawo hasara biyu, ta lafiyar ɗalibi da ta saƙon wasa. An kuma nuna cewa horon ba ya bukatar kayan aiki masu tsada, illa tabarma da littafi da kofin ruwa da minti 20 a kowane gwaji, tare da lura da masunta da makaranta Alƙur'ani da masu ɗaukar tulu. Babi na gaba zai duba motsi da amfani da fuska da hannuwa a dandali.